Watandar Littafin Illo

Shekara ta biyu ke nan damina tana yi wa ƙasar Gobir rowa. Gero kan fito ya kai gwiwa, ya tsaya jiran hadari har ya murɗe ya bushe a tsaye. Gulbi ya koma rairayi, mata na tona shi da ƙwarya suna jiran ruwa ya tsatso. Rana ce kaɗai ba ta saɓa alkawari ba, shi ya sa duk mai ɗan faifan sola wayarsa cike take da caji ko da randarsa ba ko ɗigo. A cikin wannan hali ne Zauren Karatu na Gobir ya tashi haiƙan wai zai gyara kansa.

Kada ka je neman ƙofar zauren, a Wasap yake. Malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da wasu 'yan kasuwa, rabi a Isa rabi a Sabon Birni, yawancinsu ba su taɓa haɗa ido ba, don hanyar da ke tsakanin garuruwan biyu yanzu ba a binta sai dole. Shugaba shi ne Malam Na'Allah, tsohon hedimasta a Isa, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ya kasa ta na ɗaya, na biyu, na uku. Mataimakinsa Amiru ne, mai shagon takin zamani a Sabon Birni, wanda fari ya bar wa buhuna jibge da lokacin surutu mai yawa.

Ƙa'ida ita ce duk wata a zaɓi littafi, a karanta, a tattauna. Zaɓen kam ana yi, har da ɗaga jijiyar wuya. Littafin da ɗan Isa ya kawo, Sabon Birni za ta ƙi shi baki ɗaya, in ɗan Sabon Birni ya kawo, Isa ta rama. Daga ƙarshe sai a ɗauki wanda ba mai so, don a zauna lafiya. Karatun fa? Allah ya kyauta! Ranar tattaunawa a yabi bango, a ce marubuci ya yi ƙoƙari, sai wani ya tambaya ko gaskiya ne an yi yayyafi a Gatawa. Daga nan kuma zancen tsadar gero ne har magariba.

A cikin zauren akwai Illo, malamin allurar dabbobi a Sabon Birni, Bafillacen Tsamaye da boko ya raba da sanda. Ba ya zaɓe da zafi, ba ya yabon bango, har wasu sun ɗauka ya sayar da wayar. Ashe rubutu yake yi. Littafi guda ya rubuta a cikin wayar nan da babban yatsa, a kan wansa Labbo.

Labbo ne ya riƙe garke lokacin da aka tura Illo makaranta. Bara, da rijiyar rugarsu ta ƙafe, shanu suka kewaye ta suna kuka, Labbo ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga yasa da kansa, gefen rijiyar ya rufta masa. Illo ya iso ana tono da hannu. An yi zaman makoki, mutane sun ce Allah ya jiƙansa, sun tashi sun koma neman ruwa, don a shekarar ba gidan da ba shi da nasa rashin. Illo bai ga laifin kowa ba, amma abin yana cin ransa. A gida ma ba a ambaton sunan, tunda Labbo ɗan fari ne, innarsu ko da yana raye ba ta taɓa faɗin sunansa ba, balle yanzu. Mutum kamar Labbo ya tafi, a ce ba wanda ya tsaya ya ji ko wane ne ya tafi!

Duk babukan littafin hanya ce kawai zuwa babin ƙarshe, babin rijiya. Abin da Illo yake so kuwa bai taka kara ya karya ba. Mutum ɗaya tak yake nema, wanda bai taɓa sanin Labbo ba, ya karanta babin nan, ya ji abin da shi ya ji, ya ce masa, "Kai, Illo, ka yi rashi." Bai gaya wa kowa a zauren cewa labarin gaskiya ne ba, so yake littafin ya faɗa da bakinsa. Sai dai ya san mutanensa. In ya tura musu littafin sukutum, bangonsa za a yaba.

Dabara ta zo masa a mahauta. A shekarun nan watanda ta yawaita. Makiyayi in ya ga saniya ta fara kwanciya ba ta son tashi, sai ya rabu da ita tun tana da sauran numfashi. Mutane su haɗu su saya, a yanka, a kasa naman tsibi-tsibi, kowa ya ba da alamarsa, tsinke ko guntun kara, a kira wanda bai san alamar kowa ba ya jefa. Inda taka ta faɗa nan rabonka yake, tsoka ce ko ƙashi, ba musu. Aikin Illo ne ya duba naman kafin a kasa. Yana tsaye yana kallon yadda mutanen da ba mai iya sayen cinya a cikinsu suka tashi da saniya guda, sai ya ciro waya ya danna wurin ɗaukar murya.

"Jama'a, mu daina ruɗin kanmu, ba mu karatu. Kuma ba laihinmu ba na. Wa za shi zauna da littahi guda a wanga yanayi, ga layin famfo, ga neman abin ba dabba? Amma ai saniya ma ba mutum guda ka cinye ta ba. Mu yi watanda. A kasa littahi babi-babi, a jeha kara, kowa shi karanta kashinai kaɗai. Ranar tattaunawa kowa shi kawo abin da yas samu, mu haɗa."

Abin da ba a taɓa gani ba ya faru, Isa da Sabon Birni suka yarda da abu ɗaya a rana ɗaya. Ba son ilimi ba ne, kada a yi musu sharri. Kowa ya duba ne ya ga 'yan shafuka zai karanta a kira shi makaranci. Da aka zo kan littafin da za a fara yankawa, Illo ya yi gyaran murya ya ce yana da wata 'yar saniya a ɗaure, in ba a raina ba. Wani ɗan Isa ya yi caraf ya ce ai Tsamaye ƙasar Sabon Birni ce, su ba su yarda ba. Malam Na'Allah ya yanke hukunci cewa Bafillace ba shi da gari, inda ciyawa take nan ne garinsu, tunda kuwa bana ba ciyawa ko'ina, Illo ba na kowa ba ne. Aka yi dariya aka wuce.

Illo ya kafa dokoki biyu da bakinsa. Ba musaya, inda kara ya faɗa nan ne. Kuma kowa kashinsa kaɗai za a tura masa a keɓe, ba leƙen na wani. Tsoronsa shi ne babin rijiya ya fi kowane tsawo, kada a yi ta tura wa juna shi har ya rasa mai ɗauka. Malam Na'Allah kuwa ba ya barin doka ta tsaya a biyu.

"Na uku," in ji shi, "na duba na ga babuka sun fi masu karatu da guda. Kuma a watanda mai saniya ma yana ɗaukar kashi. Don haka marubuci zai shiga jifa kamar kowa."

Illo ya amsa da to. Tsibi da yawa haka, ina shi ina faɗawa kan wannan ɗaya?

Amiru ya ce in za a yi, a yi ta gaske, a gaban mahauci, a ɗauka a waya kowa ya gani, kada mutanen Isa su ce an yi musu maguɗi. Ranar kasuwa suka sami Yari mahauci a rumfarsa. Amiru ya shimfiɗa buhun taki, ya jera tsibin tsakuwa, ya ce wannan babi na ɗaya, wannan na biyu, har zuwa ƙarshe. Yari ya dubi tsakuwar, ya dubi Amiru, ya dubi Illo da ya sani da hankali.

"To, ina naman?"

"Littahi na, Yari. Ilimi mu ka rabo."

"Ikon Allah! Hwari ya kai ga kanun mutane." Ya goge hannu a riga. "To, ku kawo alamu. Tunda kun zo gare ni, yadda a ka yi za a yi."

Kowa ya riga ya faɗi alamarsa a zaure, wannan murfin kwalba, wannan ƙwallon goruba, Malam Na'Allah guntun alli. Illo ya yanko ɗan guntun igiyar ɗaure maraƙi. Yari ya tsayar da wata tsohuwa mai tallar daddawa ya zuba mata su a hannu. Ta yi bismilla ta bi tsibin tana ajiyewa ɗai-ɗai, da natsuwa, don ita duk zatonta in an gama za a ba ta ɗan tukuicin hanta. Illo yana bin hannunta da ido. Murfin kwalba ya sauka, alli ya sauka, goruba ta sauka, igiya tana nan tsakanin yatsunta. Ta zo tsibin ƙarshe ta ɗora ta a kai.

Illo ya tsura wa igiyar ido. Amiru kuwa ihu yake yi wa waya: "Marubuci ya ci tozo! Ya kwashe ƙarshen labari, jama'a!"

"A sake jehawa," in ji Illo, murya ƙasa-ƙasa. "Ni na rubuta shi, mi za ni karanta ciki?"

Yari ya tsuke fuska. "Malam, tun kakana ba a taɓa sake jiha a rumfag ga ba. Wanda ƙashi yaf faɗo ma, ƙashi shi ka kaiwa gida."

Kafin su bar kasuwa hukunci ya iso daga Isa. Malam Na'Allah ya ce dokar nan ba daga sama ta faɗo ba, Illo ne ya kawo ta, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wani ya rubuta a ƙasa cewa Allah ya kawo mana tsuntsun nan ƙasar Gobir, kowa ya ce amin. Tsohuwa mai daddawa ta tafi tana mita, ta ce ba ta taɓa ganin marowata irin 'yan boko ba.

Illo ya tura wa kowa kashinsa. Babin rijiya kaɗai ya rage a wayar da aka rubuta shi a ciki, bai je ko'ina ba. Da abin ya dame shi sai ya tuna da Saude, ma'aikaciyar jinya a Isa, wadda ita kaɗai ce ake zargi da karanta littafi har ƙarshe. Ya bari aka kwana biyu ya kira ta, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da maganar.

"Malama Saude, mu yi musaya a asirce. Ba wanda za shi sani."

"Haba, Malam Illo! Kai da kak kahwa doka, kai za ka hwara karya ta? To ko da ba doka, ba ni ba da kashina. Na karanta na sake karantawa. Wai mutum shi tahi neman aure, kunya ta hana shi buɗe baki, kullum sai shi zauna yabon jakin uban yarinya, har tsoho shi ɗauka jakin shi ka so, shi sallama mai! Shi komo gida da jaki!" Dariya ta ci ƙarfinta. "Jiya ina cikin ba da magani abin yaf faɗo min, sai da marar lahiya yat tambaye ni ko lahiya. Don Allah tsegunta min abu guda. Ya samu Fadimar kuwa?"

"Ya samu."

"Alhamdu lillahi! To ka riƙe ƙarshenka, kada ka ɓata min. Ran tattaunawa za ni ji da kunnena."

Bai gaya mata cewa Fadima ta gama takaba ta koma gidan ubanta ba. Ya yi mata sai an jima ya kashe wayar, ransa a jagule.

Sai kuma abin da bai taɓa zato ba ya faru. Mutanen nan suka yi karatu! Da yake kashin kaɗan ne, kowa ya cinye nasa, ya kuma kasa haƙurin jiran ranar tattaunawa. Amiru ne ya fara ɓarin baki. Shi ya sami babin da Labbo ya raɗa wa bijimansa sunayen manya, akwai Hakimi, akwai Alƙali, akwai Sarkin Kasuwa, don kawai ya samu ya tsaya a bainar jama'a ya ɗaga sanda ya ce, "Alƙali, ɓarawo, hita daga gonar mutane!" Wata malamar firamare mai suna Safiyatu ta sami babin da Labbo, wanda ya taɓa korar kura da sanda, ya haye bishiya ranar da ƙanensa ya zo da allura, alhali allurar ta shanu ce. Malam Na'Allah ne kaɗai ke shan kunu. Allinsa ya faɗa kan babin ciyayi, inda Labbo ke koya wa ƙanensa bambancin gamba da kyasuwa da harƙiya. Ya ce shi dai ƙashi ya samu, amma zai tsotse shi don girman kujera.

Tunda kowa yanki ya gani, sai musu ya kaure. Amiru ya rantse Labbo tantirin mai wayo ne, Saude ta ce bai san Labbo ba, salihi ne mai kunya, Safiyatu ta ce matsoraci ne dai mai ban tausayi. Mutanen Isa suka gano daga yadda yake magana cewa lalle rugarsu ta fi kusa da Isa, mutanen Sabon Birni suka ce sai dai a mutu. In wani ya yi katoɓara a zaure sai a ce masa, "Alƙali, hita daga gonar mutane." Har zancen yayyafin Gatawa aka manta da shi.

Illo yana karanta duk wannan a tsakanin allura da allura, wani lokaci ya yi dariya har hawaye, wani lokaci hawayen su zo ba dariyar. Daɗi yake ji da zafi a haɗe. Rabon da ya ji an ambaci sunan Labbo ana dariya tun kafin rijiya. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda suke maganarsa: Labbo yana da wayo, Labbo ba ya son allura, Labbo zai yi kaza. A wurinsu mutumin yana can wani daji da sandarsa a kafaɗa. Duk da haka Illo ya ƙudura cewa ranar tattaunawa zai faɗa musu. In ba mai karantawa, ai akwai masu ji, kuma yanzu da suka san Labbo za su ji da kyau.

Ranar ta zo, Juma'a bayan la'asar. A ofishin dabbobi akwai tankin ruwa a kan dogayen ƙarafa, wanda ya daɗe ba ruwa a ciki, amfaninsa ɗaya yanzu shi ne a samansa ake samun sabis mai ƙarfi. Illo ya hau tsani ya zauna a kan ƙarfen da rana ta gasa, ya jingina da tankin. Daga nan yana hango gonaki fetal har iyakar gani.

Ba a taɓa cika irin ta ranar ba. Kowa ya kawo kashinsa bi da bi, ana katse juna, ana gyara wa juna, har Malam Na'Allah ya jero sunayen ciyayi da ka, ya kuma yarda cewa ya shekara yana taka harƙiya bai san sunanta ba. Rana ta yi ƙasa lokacin da aka zo kan marubuci.

Illo ya danna ya fara. Ya faɗi yadda rijiya ta ƙafe, yadda guga ke fitowa da laka, daga baya ko lakar babu. Ya faɗi yadda shanu suka kewaye bakin rijiya suna kuka ba dare ba rana, yadda Labbo ya tuɓe riga ya miƙa wa Fadima, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ce wa masu riƙon igiya in sun ji ya ja su jawo. Sai ya saki ya tura wannan, don ya numfasa.

Saƙonni suka yi ta shigowa. Amiru ya ce, "Labbo na hwa! Ku tsaya ku ga dabarar da za shi hito da ita." Safiyatu ta ce ɗalibanta sun sa ta yi alkawarin kawo musu ƙarshen labarin ranar Litinin. Saude ta rubuta, "Wayyo, Malam Illo, gabana na hwaɗuwa. Kada ka taɓa muna shi."

Ya sake dannawa ya faɗi gaskiya. Ya faɗi ƙarar da aka ji, da igiyar da aka ja ta ƙi zuwa, da tono da hannu har farce ya fita, da yadda aka fito da wansa, Hamma Labbo, bakinsa cike da ƙasa. Ya faɗa duka, yana kuka kamar yaro a saman tanki, yatsansa na kan wayar. Sakin yatsan kawai ya rage saƙon ya tafi. Sai ya ga ba zai iya ba. A duk faɗin duniya wannan zauren ne kaɗai inda Labbo yake da rai, kuma shi aka miƙa wa wuƙa. Ya ja yatsan gefe, saƙon ya goge.

Ya share fuska da hannun riga, ya gyara murya, ya shirga musu ƙarya. Ya ce Labbo ya yi ta haƙa har magirbi ya huda wata jijiya, ruwa ya ɓulɓulo ya kai masa ƙirji. Ya ce an jawo shi duk laka, ba a ganin komai sai haƙora, yana kiran Alƙali ya matso ya sha ko da yake bai cancanta ba. Shanu suka sha, Fadima ta dama fura, littafi ya ƙare. Ba wanda zai ƙaryata shi, tunda da bakinsa ya hana leƙen kashin wani.

An yi ta kabbara da tafi na ɗan lokaci. Amma ka san mutumin da bai saba karatu ba, ranar da ya yi, sai ya zama alƙalin marubuta. Malam Na'Allah ya nemi a yi shiru, ya turo murya mai tsawo.

"Malam Illo, mun gode, ka yi ƙoƙari. Amma tunda gyara munka zo yi, bari a faɗi gaskiya. Na ɗaya, ƙarshen nan ya yi sanyi. Na biyu, a shekarun fari irin waɗannan, marubucin da ya san abin da mutane ke ciki ba ya sakin jarumi haka salin alin, da ganin ka kana cikin ofis ba ka san zafin abin ba. Na uku, tsoro ka ji. Ka so shi da yawa, shi ya sa hannunka ya yi rawa. Da ka kashe shi, da littafin nan ya shiga zuciya. Shawarata ka koma ka kashe shi."

Nan take aka ga hikimar shugaba. Waɗanda suka gama kabbara yanzu-yanzu suka ce su ma abin ya ɗan tsaya musu. Saura yadda za a kashe shi, a nan ne kuma tsohon hali ya dawo. Isa ta ce 'yan bindiga su tare shi a hanyar mashaya, shi ne daidai da zamani. Sabon Birni ta ce a'a, maciji, don ya fi ban tausayi kuma ba ya jawo magana. Wani bawan Allah da bai cika magana ba ya ce tunda mutumin yana cikin rijiya, me zai hana ta rufta masa kawai, a huta?

"Kai, tahi can!" in ji Amiru. "Labbo? Mutumin da yas san ƙasa awa tahin hannunai? Shi za shi shiga rijiyar da za ta rubta mai? Wa za shi yarda da wanga? Wallahi ku ba ku san Labbo ba. Marubuci, kada ka saurare shi, za ka ɓata littahinka."

Aka jefa ƙuri'a. Maciji ya yi nasara da ƙyar, don wasu 'yan Isa sabis ya yanke musu. Rijiya ko wanda ya kawo ta bai zaɓe ta ba. Malam Na'Allah ya bayyana cewa tun da aka kafa zauren ba a taɓa tattaunawa mai armashi irin ta yau ba, watanda ta zama doka daga yanzu, kuma an ba marubuci zuwa sabon wata ya kawo gyara. Aka shiga neman saniya ta gaba, Isa da Sabon Birni suka kama juna da kokawa.

Illo yana nan zaune a saman tanki. An fara kiran magariba a masallacin kasuwa, ƙarfen da yake kai ya huce. Abin da ya hau tankin nan nema bai samu ba, kuma ya san ba zai ƙara samun hanyar nemansa a wurin mutanen nan ba. Yana shirin sa wayar a aljihu sai saƙo ya shigo a keɓe, daga Saude.

"Malam Illo, kada ka kula su, kada ka taɓa ko harahi guda. Ni dai na ji daɗi da yah hito. Ina ganin mutuwa kullum a wurin aiki, ta ishe ni. Kuma ni zuciyata na ba ni cewa akwai Labbo da gaske, irin wanga mutum ba a ƙaga shi. In haka na, don Allah in ka tahi gida ka gaishe min da shi, shi da Fadima."

Ya karanta ya sake karantawa. Ya fara rubuta wani abu mai tsawo, ya goge. Daga ƙarshe ya rubuta mata abin da ake cewa in an ba mutum saƙon gaisuwa.

"Za shi ji."

Ya kife wayar a cinya. Har aka idar da salla bai sauko ba.